Bakwai Huɗu a Kife

Akwai wani mutum mai suna Manase Finau a ɗaya daga cikin garuruwan inabi da ke bakin kogin Murray. Ɗan tsibirin Tonga ne, ƙato, mai sanyin murya. Idan zai gifta ta gaban mutane sai ya ranƙwafa, ko da 'yan makaranta ne ke zaune.

Yankan inabi na kaka ɗaya ya kawo shi, aikin ya riƙe shi, ya ɗauko matarsa Lupe da 'ya'yansu. Yana da 'yan'uwa a coci, yana da abokan aiki a gona. Amma abokin da ba jini ya haɗa su ba, ba coci ba, ba aiki ba, guda ɗaya gare shi a duk garin: maƙwabcinsa Noel Pendergast, tsohon direban babbar mota da ya haura saba'in.

Noel ne ya koya masa wasan kartar nan da ake kira poka, a kan teburin kicin, suna wasa da ƙwayar almon a madadin kuɗi. Ya koya masa wace karta ke cin wace. Ya koya masa yadda mutum ke ɗaure fuska ko da cikinsa na rawa. Abu ɗaya ne bai koya masa ba, don bai taɓa zaton abin koyarwa ba ne.

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, Noel zai danna hon ɗin a-kori-kurarsa a ƙofar gida, su nufi kulob ɗin garin. Gasar ba ta kuɗi ba ce, shi ya sa ma Lupe ta yarda. Kowa a ba shi tulin kwabban roba, wanda nasa suka ƙare ya tashi, wanda ya yi saura ya tafi gida da tiren nama.

Sau ɗaya a shekara ne abin ke yin zafi. A ranar, mutum biyun da suka yi saura su ke samun kujera a babbar gasar jiha a Melbourne. Noel ya daɗe yana bin kujerar nan. Ba ya faɗa, amma kowa ya sani.

A wannan shekarar aka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, har tebur ya rage mutum uku: Noel, da Manase, da Cosimo Zappia, wani mai gonar inabi da bakinsa ba ya hutawa. Kujera biyu, mutum uku. Duk wanda ya fara tashi, shi ne zai koma gida hannu wofi. Waɗanda aka riga aka kora suka zagaye tebur da kofunansu a hannu.

Raelene, matar da ke raba karta kuma take tsare dokar gasar, ta ba kowa biyunsa a kife, sannan ta shimfiɗa biyar na tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da nasa. Cosimo ya zubar da kartarsa tun da wuri, ya fita daga wannan zagayen.

A tsakiya akwai sarki ɗaya, da bakwai biyu, da wasu biyu marasa amfani. Manase ya sake ɗaga gefen kartarsa ya leƙa, ko idonsa ne ke masa gizo. Bakwai da bakwai. Bakwai huɗu ke nan. A wannan shimfiɗar babu kartar da za ta iya cin su.

Noel ya sa hannu biyu ya tura duk kwabbansa tsakiya.

"Duka," in ji shi.

Manase ya dubi tulinsa. Kwabbansa sun fi na Noel yawa. Idan ya bi, wato ya zuba daidai da abin da Noel ya zuba, Noel ya tashi ke nan, kujera ta sake wuce shi.

A gidan da Manase ya tashi, yaro ba ya fizge nasara daga hannun babba. Ko tseren kwale-kwale ka ci kawunka, ba ka waiwayo kana dariya. Sai ka yi jinkiri, ka nuna abin ya yi maka nauyi, ka fara yaba masa, ka sunkuyar da kai, sannan ka karɓi abin da ya zama naka kamar dole aka yi maka. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa haka. A jikinsa abin yake, kamar ranƙwafawar nan.

Saboda haka ya yi ajiyar zuciya. Ya shafa fuska. Ya dubi rufin ɗaki.

"Dattijo, ka tabbata?"

"Ƙato, ni na taɓa tabbata da wani abu a rayuwata?" in ji Noel. "Ka bi ko ka zubar, shayina na hucewa."

"Ku ƙyale shi, addu'a yake," in ji Cosimo. "Wa'azin safe bai ishe shi ba."

Aka yi dariya. Manase ya ƙara jan lokaci, gwargwadon abin da yake ganin ya dace da mutum mai shekarun Noel. Can ya ce, da muryar mai gaisuwar mutuwa, "Na bi."

Noel ya kifo kartarsa a buɗe nan take. Sarki da sarki. Da na tsakiya, sarakuna uku. Jama'a suka yi tafi.

Manase ya sunkuyar da kai. Tasa kartar tana nan a kife ƙarƙashin tafin hannunsa.

"Kartarka ta yi kyau ƙwarai, Dattijo," in ji shi.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin poka ya san ma'anar wannan magana. Maganar wanda aka ci ce. Noel ya miƙe, ya zagayo, ya dafa kafaɗar Manase.

"Kada ka damu, Ƙato. Wasa bai ƙare maka ba, ka ci wannan mai surutun mu tafi tare." Ya koma ya fara jawo kwabbai da hannu biyu, fuskarsa ta yi haske irin wanda Manase bai taɓa gani ba. "Wa ya san masauki mai arha a Melbourne?"

Ganin fuskar nan ne ya kawo wa Manase wata dabara. Idan ya tura kartarsa a kife cikin tarin waɗanda aka zubar, wa zai sani? Ya fara zamar da ita a hankali.

Raelene ta ɗora yatsa a kai.

"Tsaya. In an tura duka, kowa sai ya buɗe. Doka ce."

Ya dube ta da idon roƙo. Ba ta ɗauke yatsa ba.

Ya juya ta farko. Bakwai.

"Kai, ashe ka kusa," in ji Noel yana dariya. "Bakwai uku. Ba laifi, ba laifi."

Hannun Manase ya tsaya a kan ta biyun. Ya ga bai kamata ya jefo ta haka kawai ba, kamar mari. Ya dubi Noel, ya ɗan yi murmushin ban haƙuri, sannan ya juya ta a hankali.

Bakwai.

Ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar firji daga wajen sayar da abin sha. Cosimo ya yi wani dogon fito. Daga baya wata murya ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wannan mugunta ce."

Noel ya ɗauke hannuwansa daga kan kwabban. Ya dubi Manase kamar yau ya fara ganinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Raelene ta turo wa Manase tulin.

"Kujera taka ce, kai da Cosimo. Amma ka ji ni da kyau, Manase, a teburina ba a jan rai. Wannan gargaɗi ne. In ka sake, a waje za ka zauna."

"Jan rai?"

"Ka san abin da ka yi."

Bai sani ba. Ya duba fuskokin mutanen da suka saba yi masa wasa, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Da ya fito, inda a-kori-kurar Noel take fakawa babu komai sai ɗigon mai.

Cosimo ne ya rage masa hanya, yana tuƙi yana dukan sitiyari don dariya.

"Mutumina, na daɗe ina wasan nan, ban taɓa ganin an yanka mutum a hankali haka ba. 'Kartarka ta yi kyau, Dattijo.' Sannan ɗaya bayan ɗaya. Har da murmushi. Kai gwani ne, wallahi. Me ya yi maka? Karensa ya cinye maka kaji?"

"Babu abin da ya yi mini. Abokina ne."

"To Allah ya tsare ni da zama abokinka."

Cosimo ya sauke Manase a ƙofar gida. Mutum ɗaya ya yi masa faɗa, mutum ɗaya yana yaba masa, duk a kan abu guda, shi kuma bai san ko mene ne abin ba.

Ya zayyana wa Lupe komai tana ninke wanki. Ta saurara da kyau, don ita ma irin tarbiyyarsa gare ta.

"Ka yaba masa kafin ka buɗe?"

"Na yaba masa."

"Ka sunkuyar da kai?"

"Har haɓata na taɓa ƙirji."

"Ba dai sauri ka yi ba? Na san ka in kana murna."

"Lupe, ban taɓa jinkiri irin na yau ba."

Ta riƙe riga a hannu tana tunani. "To me ya rage? Duk abin da ake yi ka yi."

Suka juya maganar ta kowace fuska, suka tsaya a kan abu ɗaya da ya yi kama da hankali: cin ne ya yi wa tsohon zafi. Kujerar yake so, Manase ya ɗauke. In haka ne kuwa, gyaran ba wuya.

Washegari da yamma Lupe ta naɗe lu mai zafi, naman rago da madarar kwakwa cikin ganyen gwaza. Manase ya ɗaura tabarmarsa a ƙugu, wadda yake sawa in zai je gaban manya, ya ɗauki tiren ya zagaya gidan Noel. Ya same shi a rumfar bayan gida, ya kwance injin yankan ciyawa.

Manase ya durƙusa a bakin rumfar.

"Dattijo, na zo ba da haƙuri."

Noel bai ɗago ba. "Na me?"

"Na cin da na yi maka."

"Cin?" Noel ya juya sifana a hannu. "Kana da bakwai huɗu. Wa zai yi fushi da bakwai huɗu? An ci ni da abin da bai kai wannan ba, na sayi abin sha na ba wanda ya ci ni."

Wannan amsa ta rushe duk jawabin da Manase ya shirya a hanya. In ba cin ba ne, to mene ne? Amma tunda ya riga ya ɗauko magana, sai ya ƙarasa.

"Kujerar taka ce. Zan gaya wa Raelene ta sa sunanka. Ni dama ba na so. Tun a tebur na so in zubar da kartar a kife don ka ci, ita ce ta hana ni."

Ya faɗi haka ne da tabbacin cewa ya kawo maganin ciwon. Ai yanzu Noel zai ga zuciyarsa.

Noel ya ajiye sifana a hankali. Wuyansa ya yi ja.

"Maimaita."

"Na ce na so in zubar don ka..."

"Na ji." Ya miƙe, yana dafa benci. "Jiya na kwana ina cewa yaron nan wasa ya yi da ni a gaban mutane. Na ce to, wataƙila wani ya zuga shi. Ashe abin ya fi haka. Wato da ka bar ni na shiga jirgin ƙasa na tafi Melbourne, ina bugun ƙirji ina gaya wa mutane na ci, kai kuma kana nan ka san sadaka ka ba ni."

"Ba sadaka ba ce, Dattijo. Kara ce. Kai babba ne."

"Kara." Noel ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. Ya dubi tiren. "Abincin Lupe bai yi mini laifi ba, ajiye shi a nan. Kai ka tafi."

Manase ya koma gida da tabarmarsa a ƙugu, kansa ya ƙara kullewa. Ya ci, laifi. Ya so ya bari, laifin ya ninka. Ya yi jinkiri, an ce mugunta. Ya kawo haƙuri, an karɓi abinci an kore shi.

Lahadi ta zo, hon bai yi ƙara ba. Manase ya tsaya a taga da rigar coci yana kallon a-kori-kurar ta fito, ta wuce ƙofarsa, ba ta ko rage gudu ba. Wata Lahadin ma haka. In sun haɗu wajen fitar da shara, Noel sai ya ɗaga yatsa ɗaya, irin gaisuwar da ake yi wa direban da ba a sani ba a kan titi.

Lupe ta ga mijinta ya daina cin abinci da kyau. Ta ce, "Matar nan da ta ce ka san abin da ka yi, ka je ka ce mata ba ka sani ba."

Raelene tana aiki a gidan burodi a ranakun mako. Manase ya jira layi ya ƙare, ya sayi burodin da ba ya bukata, ya tsaya.

"Raelene, don Allah. Jan rai ɗin nan. Ban san shi ba."

Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa mai wasan da take zargin yana leƙen kartar maƙwabci. Sannan ta goge hannu a gaban rigarta.

"Da gaske kake."

"Da gaske nake."

"To ji. In aka zo buɗewa, kuma ka san taka ce ta fi, ba ka jira. Ba ka tsaya wai layin wa ne. Ka bi nan take, ka buɗe nan take, duka biyun tare. Duk ɗan lokacin da ka riƙe ta a kife, kana barin mutum yana murnar abin da ba nasa ba, jama'a na kallo. Kai ka sani, shi bai sani ba. A wasan nan babu wulaƙancin da ya kai wannan. Gara ka zagi uwar mutum."

"Amma girmama shi nake."

"Yanzu na yarda. Amma koma kujerarsa ka zauna. Ka tambaye shi ko ya tabbata, alhali babu abin da zai ci ka. Ka ce kartarsa ta yi kyau. Ka bar shi ya tashi ya rarrashe ka. Ka bar shi ya tambayi masauki. Sannan ka ba shi bakwai ɗaya ya yi dariya, ka ajiye ɗayan sai da dariyar ta gama fitowa."

Manase ya bi lissafin nata a ransa. Abin da ya yi ne, ɗaya bayan ɗaya, babu ƙari. Amma a bakinta ya zama aikin wani mugun mutum da bai taɓa haɗuwa da shi ba.

"Shi ya sa na so in zubar."

"Wannan kuma ya fi muni, gara da na tare ka. Da ka zubar, wasa ya ci gaba, Cosimo da ya riga ya sami kujerarsa ta halal sai ya koma cikin haɗari, don kawai kai kana son abokinka. Dokar buɗewa saboda haka aka yi ta. Ba a kyauta da karta, don ba kai kaɗai ke teburin ba."

Wata mata ta shigo ta sayi kek ta fita. Raelene ta rage murya.

"Kuma ka san Noel. Tun da aka yi masa aikin ƙugu, 'yarsa ta zo ta ɗauke masa tsani, likita ya hana shi gishiri, yaran gari suna riƙe masa ƙofa suna masa magana da ƙarfi kamar kurma. Teburin nan ne kaɗai wurin da ya rage inda har yanzu mutane ke neman kayar da shi da gaske. Abin da ke kawo shi ke nan, ba tiren nama ba. Sai ga shi mutumin da shi ya koya wa wasan ya zo yana riƙe masa ƙofa."

Manase ya juya ledar burodin a hannu.

"Wato in ina ganin girmansa, in ci shi da sauri."

"Da sauri, ba tausayi."

"A gaban mutane?"

"Musamman a gaban mutane."

Ya fito bai ce ya fahimta ba, don bai fahimta ba. Duk abin da aka gina shi da shi yana ce masa wannan rashin kunya ce. Amma ko ba komai, yanzu ya san abin da ake so ya yi.

Lahadin da ta biyo ya tuƙa motar Lupe ya je kulob shi kaɗai. Noel yana wani tebur, bai waiwayo ba. Aka yi ta wasa, mutane na raguwa, ana haɗe tebura, har Raelene ta nuna wa Manase wata kujera. Ya zauna, ya ɗago kai, sai ga Noel a gabansa.

"To fa," in ji Cosimo daga gefe. "Mahauci ya dawo. Noel, ka ɓoye wuyanka."

Babu wanda ya yi dariya sosai.

Ba a daɗe ba aka ba Manase sarauniya biyu. Ta uku ta fito a tsakiya. Sauran duk suka zubar, ya rage shi da Noel. Raelene ta ajiye karta ta ƙarshe. Noel ya dube ta, ya dubi Manase, ya tura duka.

Manase ya ji wuyansa ya fara lanƙwasa da kansa. Ajiyar zuciyar nan ta taso har maƙogwaro. Bakinsa ya riga ya shirya cewa Dattijo.

Ya haɗiye.

"Na bi," in ji shi, ya maka kartar a tebur da ƙarfin da ya sa kwabbai suka yi tsalle. Da yake bai san iyakar rashin tausayin da ake bukata ba, sai ya ƙara. "Sarauniya uku. Na ci ka, Noel. Tashi ka tafi gida."

Yana faɗa ya ji kamar ya mari mahaifinsa a kasuwa.

Noel bai ɓata lokaci ba, ya buɗe tasa duka biyun tare. Uku da takwas. Tarkace.

Manase ya miƙa dogayen hannayensa ya fara rungumo kwabbai, yana satar kallon mutane ko haka ake yi.

"Sauke hannunka," in ji Raelene.

"Yanzu kuma me na yi? Ai na yi sauri."

"Ka yi sauri, ba wanda zai musa. Amma karta ce ke magana, ba baki ba. Dubi zanen da ke jikinsu."

Ya duba. Ukun Noel mai zuciya ce. Takwas ɗin ma mai zuciya ce. A tsakiya kuwa, inda shi sarauniya kawai ya gani, akwai wasu masu zuciya har uku.

"Zuciya biyar ta ci sarauniya uku," in ji Raelene, ta tura tulin gaban Noel. "Kuma kwabbanku daidai suke, naka duk sun tafi. Kai ne za ka tashi."

Manase ya tsaya da hannuwa a buɗe, yana duban karta, yana duban Raelene.

Noel ya karkata kai yana nazarinsa.

"Da gaske ka ɗauka ka ci?"

"Da gaske."

"Ba ka ga zuciyoyin ba?"

"Ban gani ba. Ina ta sauri."

"Kuma da sarauniyoyin sun tsaya, da ka kore ni."

"Da na kore ka."

Kafaɗun Noel ne suka fara girgiza kafin dariyar ta fito. Ta fito kuwa har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Cosimo ya kwanta a kan tebur. Ko Raelene sai da ta juya baya.

"'Tashi ka tafi gida,'" in ji Noel, yana haki. "Ni. Ɗan banza. Tun da na fito asibiti babu wanda ya faɗa mini magana mai daɗin wannan."

Manase ya miƙe zai bar wurin, bai san ko ya ba da haƙuri ba ko kuwa haƙurin ma wani sabon laifi ne.

"Ina za ka?" in ji Noel. "Jawo kujera ka zauna bayana, ka buɗe ido. Mutumin da ba ya ganin zuciya uku a tsakiyar tebur ba zai je Melbourne ya zubar mana da mutuncin gari ba. Akwai aiki a gabanmu, Ƙato."

Ya jawo kujera ya zauna.

Da ya koma gida, Lupe ta tare shi tun daga ƙofa.

"Yaya?"

"Na yi masa rashin kunya a gaban mutane. Ya ci ni. Mun shirya."

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Sake faɗa mini, a hankali."

"Ko na sake, haka zai fito," in ji Manase. "Akwai sauran abinci?"

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai ka san yadda abin da ka yi zai sauka a zuciyar wanda ka yi wa. Abin da yake ladabi a gidanku yana iya zama wulaƙanci a teburin wasu, don haka in ka shiga cikin mutane ka koyi ladabinsu kamar yadda ka koyi dokarsu, in ba ka gane ba ka tambaya tun kafin zumunci ya lalace. In gaskiya tana hannunka kuma za ta yi wa wani zafi, ka buɗe ta da wuri, kada ka bar shi yana murna a kan abin da ka san ba nasa ba ne. Tsofaffinmu kuma ba kullum tausayi suke nema ba, sau da yawa so suke a ɗauke su a matsayin mutanen da har yanzu ake karawa da su. Ka tura wa wani wannan labari, musamman wanda ka san kirkinsa ya taɓa ɓata masa abota bai san dalili ba.